Tambayoyi da Amsoshi kan Haɗa Da'irar Lantarki Mai Tsayayyiyar Kusurwa

Waɗannan tambayoyi sun taru ne daga bakin ɗaliban injiniyan lantarki da na kimiyyar sinadarai a nan birnin Kano, da kuma wasu masu gyaran inbata da batiran sola, waɗanda suka ci karo da haruffan CPE (Constant Phase Element, wato ɓangaren da'ira mai tsayayyiyar kusurwa) a takardun bincike suka kuma rasa shagon da za su saye shi. Na amsa su gwargwadon abin da mutum zai iya haɗawa a kan teburinsa da kayan da ake samu a kasuwa. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, duk da'irar da za a haɗa kwaikwayo ce mai iyaka, kuma wajibi ne mai haɗawa ya san iyakarta ya kuma bayyana ta.

Mene ne CPE, kuma da me ya bambanta da kafasita?

Idan aka ba wa rezista bolteji mai juyawa, kwararar lantarki da boltejin suna tashi tare su sauka tare, wato kusurwar da ke tsakaninsu sifili ce. Idan kafasita ce, wadda tsofaffin masu gyaran rediyo ke kira kwandansa, kwararar tana riga boltejin da digiri 90, kuma duk lokacin da firikwensi ya ninku sau 10, turjiyarta tana raguwa sau 10. CPE yana zaune ne a tsakanin waɗannan biyun: kusurwarsa tana tsayawa a wuri ɗaya, a ce digiri 45 ko 72, ko an ɗaga firikwensi ko an sauke shi. Ana rubuta turjiyarsa da Z = 1 / [Q(jω)^α], inda Z ita ce turjiyar, ω take wakiltar firikwensi, j alamar juyin kusurwa da digiri 90, Q adadi tsayayye mai nuna girman CPE ɗin, α kuma, wato alfa, take tsakanin 0 da 1, kusurwar kuma ita ce alfa sau 90. Idan alfa ta kai 1 an koma kafasita, idan ta sauka 0 an koma rezista, idan kuwa ta tsaya a 0.5 an sami digiri 45, kuma sai firikwensi ya ninku sau 100 kafin turjiyar ta ragu sau 10.

Ai rezista ɗaya da kafasita ɗaya suna ba da digiri 45. Me ya sa ba su wadatar ba?

Suna bayarwa, amma a firikwensi ɗaya tak, wato inda turjiyar kafasitar ta yi daidai da ta rezistar. Da zarar an ninka firikwensin sau 10, ko an rage shi sau 10, kusurwar za ta gudu zuwa kusan digiri 6 ko kusan digiri 84. Abin da ake nema shi ne kusurwar ta ƙi motsawa a tsawon zango mai faɗi, kuma nan ne aikin yake.

A ina ake samun wannan hali a zahiri, har ake wahalar kwaikwayonsa?

Kusan duk inda ƙarfe ya haɗu da ruwa mai gishiri ko mai asid. A 1899 Emil Warburg ya nuna cewa idan yaɗuwar sinadari a cikin ruwa ce ke taƙaita kwararar lantarki, kusurwar tana tsayawa a digiri 45, shi ya sa har yau ake kiran CPE mai alfa 0.5 da sunansa. Hugo Fricke ya yi rubutu kan irin wannan hali a 1932, 'yan'uwa biyu Kenneth Cole da Robert Cole suka fitar da lissafinsu a 1941, kuma da'irar Randles ta 1947, wadda masu nazarin batir ke amfani da ita, tana ɗauke da ɓangaren Warburg a cikinta. Fuskar farantin batir ba sumul take ba, tana da ramuka da ƙofofi manya da ƙanana, kowane lungu yana caji da nasa saurin, sai haɗuwarsu ta zama kamar dubban ƙananan rezistoci da kafasitoci masu lokuta mabambanta. Fatar jikin mutum, naman 'ya'yan itace, sandar auna damshin ƙasa da aka soka a gona, da manyan kafasitocin ajiyar wuta, duk suna nuna wani abu na wannan hali.

Amfanin kwaikwayon a bayyane yake ga wanda ya taɓa ƙera na'urar auna lafiyar batir. Batir na gaske yana canzawa da zafi, da yawan cajin da ke cikinsa, da tsufansa, saboda haka idan na'urarka ta ba da sakamako biyu a rana biyu ba za ka san wanda ya canza ba, batirin ne ko na'urar. Da'irar da ka san ƙimarta ita ce ma'aunin da za ka gwada ma'auninka da shi. Masu tsara na'urorin sarrafa gudun inji ma suna buƙatarta, haka masu aikin sauti, domin matatar da ke rage ƙarfin sigina da desibel 3 a kowane ninki biyu na firikwensi ba wani abu ba ce face CPE mai alfa 0.5.

Zan same shi a Sabon Gari ko a Farm Centre?

Ba za ka same shi ba, kuma ba laifin kasuwannin Kano ba ne, domin ba kaya ba ne da ake jerawa a kanti kamar rezista. An ƙera samfura a ɗakunan bincike ta hanyar cuɗa roba da wasu sinadarai masu ɗaukar lantarki, amma wanda yake son yin aiki yau sai dai ya haɗa nasa. Abin da za ka saya a kasuwa shi ne rezistoci da kafasitoci na yau da kullum.

Shin za a iya haɗa CPE na haƙiƙa da rezistoci da kafasitoci masu ƙidayuwa?

Ba za a iya ba, kuma ina roƙon ɗalibai su daina rubuta akasin haka a rahotonsu. Duk da'irar da aka haɗa da kaya masu ƙidayuwa, idan aka sauke firikwensi sosai ko aka ɗaga shi sosai, tana komawa rezista zalla ko kafasita zalla. Abin da ake iya samu shi ne zango, daga wani firikwensi zuwa wani, wanda a cikinsa kusurwar take rawa kaɗan sama da ƙasa da wurin da ake so. Saboda haka kafin a taɓa ƙarfen liƙi sai an amsa tambayoyi uku: nawa ce alfa, daga ina zuwa ina zangon yake, kuma rawar digiri nawa aikin zai jure. Wanda ya ce ya haɗa CPE bai faɗi zango da rawa ba, bai gama magana ba.

Wace hanya ce ta fi dacewa da mai farawa?

Hanyar da ta fi tsufa ita ce tsani, wato rezista a jere, kafasita zuwa ƙasa, a maimaita da ƙima iri ɗaya. Tana da asali mai kyau, domin doguwar wayar tangaraho ta ƙarƙashin teku, wadda William Thomson da Oliver Heaviside suka yi nazari a ƙarni na 19, haka take, kuma turjiyarta tana nuna digiri 45. Matsalar ita ce faɗin zangon yana ƙaruwa ne kamar yawan matakan tsanin sau kansa, don haka wanda yake son zango mai ninki 10,000 yana buƙatar mataki 100 ko fiye, kuma alfa 0.5 kaɗai zai samu.

Hanyar da nake ba da shawara ita ce ta rassa. Kowane reshe rezista ce da kafasita a jere, rassan kuma a haɗa su kafaɗa da kafaɗa tsakanin ƙafafu biyu, amma ƙimarsu tana raguwa da ninki tsayayye daga reshe zuwa reshe. Tunanin ya daɗe, tun 1959 Morrison ya yi rubutu a kansa, Alain Oustaloup na Bordeaux a Faransa ya yaɗa makamancinsa a fannin sarrafa injuna, sannan Juraj Valsa da abokan aikinsa a Brno suka fitar da tsari mai sauƙin bi a 2011. Hikimar ita ce kowane reshe yana da firikwensin da yake farkawa, ƙasa da shi yana aiki kamar kafasita, sama da shi kamar rezista, kuma idan aka jera wuraren farkawar da tazara daidai, reshe yana miƙa wa reshe aiki kamar masu tseren karɓa-karɓa. Idan rezista tana raguwa da ninkin a, kafasita kuma da ninkin b, to alfa ita ce log a a raba da log ab.

Malam, a ba mu misali da ƙimomin da za mu iya saya.

Ga da'ira mai alfa 0.5 da rassa 5. Reshe na farko 100 kΩ ne da 1 µF, na biyu 33 kΩ da 330 nF, na uku 10 kΩ da 100 nF, na huɗu 3.3 kΩ da 33 nF, na biyar kuma 1 kΩ da 10 nF. A jikin kafasitocin za ka ga lambobin 105, 334, 104, 333 da 103. Rassan suna farkawa a kusan 1.6 Hz, 15 Hz, 160 Hz, 1.5 kHz da 16 kHz, wato reshe ɗaya a kowane ninki 10. Sai a ƙara abu biyu kai tsaye tsakanin ƙafafun da'irar, rezista 220 kΩ da kafasita 4.7 nF mai lamba 472, jimilla kaya 12 ke nan.

Waɗannan biyun na ƙarshe su ne ɗalibai suka fi mantawa, alhali su ne ke riƙe bakin zangon. Da a ce rassan ba su da iyaka, manyan rassan da muka yanke a sama da na farko duk sun riga sun zama rezistoci a cikin zangonmu, kuma haɗuwarsu ita ce R1(1−a)/a, inda R1 ita ce rezistar reshe na farko, a kuma kusan 0.316, wadda ta ba da kusan 216 kΩ. Ƙananan rassan da muka yanke bayan na biyar kuwa ba su farka ba tukuna, kafasitoci ne zalla, jimillarsu kusan 4.6 nF. Sa'a ce ƙimomin kasuwa suka faɗo kusa da lissafin haka. Da kaya masu ƙima daidai, daga 2 Hz zuwa 15 kHz kusurwar ba ta kauce wa 45 da fiye da digiri 3 ba, turjiyar kuma tana kusan 29 kΩ a 10 Hz, 9 kΩ a 100 Hz, da 2.9 kΩ a 1 kHz.

Idan ina son wata alfa, ko ina son rawar ta ragu fa?

Idan aka bar reshe ɗaya a kowane ninki 10, to a ita ce 10 a ɗaga zuwa −α, b kuma 10 a ɗaga zuwa −(1−α). Ga alfa 0.8, wadda take ba da digiri 72 kuma ta fi kusa da abin da ake gani a fuskar ƙarfe cikin ruwa, rezista tana raguwa sau 6.3 a kowane reshe, kafasita kuma sau 1.6. A nan ƙimomin kasuwa ba za su faɗo daidai ba, sai an haɗa rezistoci biyu a jere ko kafasitoci biyu kafaɗa da kafaɗa. Shawarata ita ce a fara auna kafasitocin da ke hannu, sannan a daidaita rezistoci a kansu, domin rezista ta fi araha kuma ta fi yawan ƙimomi.

Rage rawa kuwa da ƙara rassa ake yi. Idan aka sa rassa biyu a kowane ninki 10, ga alfa 0.5 ƙimomin suna bin jerin 10, 5.6, 3.3, 1.8, 1, kuma rawar da tsarin kansa ke haifarwa tana sauka ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na digiri. Daga nan abin da ya rage duk kuskuren kayan ne, saboda haka ƙara reshe na uku a kowane ninki ɓarnar kuɗi ce ga wanda kafasitocinsa ke kauce wa ƙimarsu da kashi 10 cikin 100.

Waɗanne irin kafasitoci zan saya, kuma zafin Kano zai shafi sakamako?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace tasiri a kan teburin aiki. Rezistoci ba su da wahala, a sayi masu kuskuren kashi 1 cikin 100, waɗanda galibi jikinsu shuɗi ne da zobba 5, a kuma auna kowace da mita kafin a liƙa. Kafasitoci su ne masu ba da ciwon kai. Masu ruwa a ciki, waɗanda suke da ƙafar tabbatacce da ta korau, kuskurensu yakan kai kashi 20 cikin 100, suna yoyon lantarki, kuma zafi yana busar da su, don haka a guje musu. Na yumɓu iri-iri ne: C0G, wadda ake kuma kira NP0, ba ta canzawa da fiye da kashi 30 cikin miliyan a kowane digiri na zafi, X7R tana iya kaucewa da kashi 15 cikin 100 kuma ƙimarta tana faɗuwa idan an ɗora mata bolteji, Y5V kuwa tana iya rasa fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙarshen zangon zafinta. Ƙananan kafasitocin yumɓu da ake sayarwa a warwatse ba tare da takarda ba sau da yawa ba a san ajinsu ba. Mafi aminci shi ne na leda, wato foliyesta ko folifurofilin, masu siffar ɗan akwati.

Game da zafi akwai wani abu mai kwantar da hankali. Idan duk kafasitocin suka canza da kashi iri ɗaya, alfa ba ta motsawa, zangon ne kawai yake ɗan gusawa, Q kuma ta ɗan canza. Haɗarin yana cikin cakuɗa iri daban-daban. Na taɓa haɗa da'ira da kafasitocin leda a rassa uku da na yumɓu a rassa biyu, na auna ta da sanyin safiya a watan Janairu ta yi kyau, amma a Afrilu da rana, lokacin da zafin garin yake kaiwa digiri 40 kuma ɗakin aikin mai rufin kwano ya fi haka, kusurwar ta karkace a saman zangon, sai da na cire na yumɓun ta dawo hayyacinta. Ƙurar hunturu ma tana da nata sharrin, domin idan ta kwanta a kan allo damina ta zo ta jiƙa ta, takan buɗe wa lantarki ɓarauniyar hanya a gefen manyan rezistoci. A wanke allon da sifirit bayan liƙi, a rufe shi a akwati, kuma kada babbar rezista ta wuce 1 MΩ idan da hali.

Ta yaya zan tabbatar da cewa da'irar tana aiki?

Mita ta yau da kullum ba za ta gaya maka komai ba face 220 kΩ, bayan lambobin sun ɗan yi yawo kafin kafasitocin su cika. Idan ɗakin gwaje-gwajenku yana da mitar LCR, wato mai auna turjiya a firikwensin da aka zaɓa, gwajin minti biyu ne: a auna a 100 Hz, 1 kHz da 10 kHz, ƙimar D, wato ma'aunin asarar wuta da mitar ke nunawa, ta tsaya kusa da 1 a duka ukun, ko kusurwar ta nuna kusan −45. Ƙimar kafasita da mitar za ta nuna za ta riƙa canzawa da firikwensi, kuma haka ya kamata.

Da osiloskof, mutane sukan sa ƙaramar rezista a ƙarƙashin da'irar don ganin kwarara, amma 100 Ω kaɗai tana jawo kuskuren kusan digiri 5 a 16 kHz, inda turjiyar da'irar ta sauka kusan 700 Ω. Hanyar da ta fi tsabta ita ce a yi amfani da aisi (IC) mai ƙara sigina, wato op-amp, irin TL072: sigina ya bi ta rezista 6.8 kΩ ya shiga ƙafar aisin mai kifar da sigina, da'irar kuma ta zauna tsakanin wannan ƙafa da mafita. Sai a kwatanta mashiga da mafita, a tuna cewa aisin ya kifar da siginan da digiri 180. A 100 Hz zagaye ɗaya milisakan 10 ne, don haka digiri 45 milisakan 1.25 ne, a 1 kHz kuma mikrosakan 125. A guji aunawa a 50 Hz daidai, domin wutar gari da ta janareta suna shiga wayoyi a nan. Aisin LM358 ya fi samuwa a kasuwa, amma yana gurɓata sigina a inda yake tsallake sifili kuma bai kai TL072 sauri ba, don haka ban yarda da shi a saman zangon ba. Kafin duk wannan, a zana da'irar a manhajar kwaikwayon da'ira ta LTspice, wadda kyauta ce, a ga abin da ya kamata a samu.

Me ake nufi da cewa wannan da'ira tana yin rabin tarawa?

Idan aka tura wa kafasita kwarara tsayayya, boltejinta yana hawa a miƙe, wannan shi ne cikakken tarawa a lissafin kalkulas. Idan aka tura wa CPE mai alfa 0.5, boltejin yana hawa kamar tushen murabba'in lokaci, da sauri a farko sannan ya riƙa lafawa. Tambayar ko akwai rabin mataki a kalkulas ta taso tun a wasiƙar Leibniz ta 1695, kuma abin sha'awa ne mutum ya ga amsarta a fuskar osiloskof. A haɗa matakai biyu na aisi ɗaya bayan ɗaya, kowanne da da'irarsa, a shigar da sigina mai kusurwa huɗu na kusan 200 Hz. Mafitar farko za ta nuna lanƙwasassun duwatsu, ta biyu kuma za ta fito da sigina mai kusurwa uku, domin rabi da rabi sun cika ɗaya. Idan gefen mai kusurwa ukun ya lanƙwashe sosai, akwai reshen da ba ya aikinsa. Idan kuma aka musanya wurin rezista da da'irar, an sami rabin bambantawa.

Zan iya rubuta Q da farad?

A'a, sai idan alfa ta kai 1. Ma'aunin Q shi ne simens sau sakan a ɗaga zuwa alfa, kuma a misalinmu tana kusan 4.4 × 10^−6. Wanda ya rubuta 4.4 µF ya yi kuskure, kuma ba a kwatanta Q biyu masu alfa daban.

Ba zai fi sauƙi a yi shi da ƙaramar kwamfuta irin Arduino ba?

Ana yi, kuma ribarsa ita ce canza alfa da layi ɗaya na umarni. Farashinsa jinkiri ne. Duk lokacin da aka ɓata wajen karanta sigina, lissafi da fitarwa yana zama ƙarin kusurwa, mikrosakan 10 kaɗai suna zama digiri 3.6 a 1 kHz, Arduino Uno kuwa yana ɗaukar kusan mikrosakan 100 a karatu ɗaya idan ba a taɓa saitinsa ba. Ga sarrafa zafin tanda ko gudun famfo, inda abubuwa ke tafiya a hankali, hanyar ta isa. Ga zangon sauti, kaya 12 na sama sun fi shi gaskiya.

Zan iya mayar da wannan da'ira ta zama kamar batirin sola don gwada inbata?

Ta fuskar lissafi ana iya sauke turjiya ba tare da taɓa alfa ko zango ba: a raba duk rezistoci da wani adadi, a ninka duk kafasitoci da adadin nan. Amma turjiyar babban batir 'yan miliom ce kawai, miliom kuwa kashi ɗaya ne bisa dubu na om, saboda haka daga 9 kΩ sai an sauka kusan sau miliyan, wato 1 µF ta zama farad guda, rezistar 1 kΩ kuma ta zama ƙasa da turjiyar wayar da za a haɗa ta da ita. Ban da haka da'irar ba ta ajiye wutar da inbata zai ja, kuma kayanta na 'yan bolt ne, don haka kada a kusantar da ita ga inbata ko soket. Abin da za a iya yi shi ne a sauke ta sau 100 ko sau 1,000 a gwada sashen awo na na'urar da ƙaramin sigina, tare da rezista a jere mai wakiltar ruwan batir, sannan a auna da wayoyi huɗu, biyu na tura kwarara biyu na karanta bolteji, domin kada turjiyar wayoyin ta shiga cikin sakamakon.